Ludayi Biyu Daga Shuɗin Tano

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Treichville ba, ranar da na sa dattawa huɗu kuka da hannuna, har da kawuna a cikinsu.

A farkon shekarun tamanin ne. Ina karatun kimiyyar harhaɗa sinadarai a jami'a, kuma dokar makaranta ita ce ba a ba ka diplom sai ka kawo takardar shaidar staj, wato ka yi wata biyu kana koyon aiki a wata masana'anta, dirakta ya sa hannu. Ni kuwa a lokacin, in ka ba ni littafi sai in kwana a kansa, amma in ka ce in je in nemi alfarma wurin wani, sai in kasa. Kawu Sani ne ya cece ni. Yana sayar da turare a kasuwar Adjamé, kuma yana sari a wata ƙaramar masana'anta da ke bayan tashar jiragen ruwa. Ya kai ni gaban Baturen da ke dirakta, ya dafa kafaɗata ya ce, "Wannan yaron ba ya kuskure." (Har yau ina mamakin yadda na tsaya ina murmushi kamar gaskiya ne.)

Abin da suke yi a wurin man ƙamshi ne mai kama da furen yasmin, wanda ake sawa a sabulu da turare. Akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai muciya ta lantarki. A zuba wani mai marar kirki mai yajin ido, a zuba ruwan da aka narkar da wani gishiri a ciki, a ɗumama, a yi ta juyawa, kafin la'asar yajin ya tafi ƙamshi ya fito. Mai kula da tukunyar shi ne Baba Idi, wani dattijo mutumin Nijar da ya daɗe a unguwar Biafra. Bai taɓa zama a aji ba. Ma'aunin kayan an rubuta masa a kwali an rataye a bango, kuma layin ƙarshe na cewa: ludayi biyu daga shuɗin tano.

Wannan layin ya hana ni sukuni. Na kwafe kwalin a littafina, na yi lissafi daga sama zuwa ƙasa, komai ya tashi daidai ba tare da ludayin nan ba. Na zagaya tanon, wato duron da ake nufi, ruwan teku ya cinye rubutun jikinsa, sai wata lamba kawai. Abin da ke ciki wani ruwa ne mai kauri, kamar zuma marar kyau. Sati uku ina shirya tambayar a raina tun a cikin gbaka, ƙaramar motar haya, daga Adjamé. In na isa gaban Baba Idi sai in ce, "Sannu da aiki, Baba," in wuce. A ƙarshe na yanke hukunci ni kaɗai: camfin tsoho ne.

Ranar Larabar ana sunan jikar Baba Idi. Ya leƙo da sassafe cikin babbar riga, ya kira ni yadda yake kiran ɗan makaranta, ya ce, "Ɗan lakwal, yau tukunya taka ce. Ka bi kwali kawai, ba sai ka yi tunani ba."

Na bi kwali. Na auna komai har giram na ƙarshe, na sake aunawa. Da na zo kan ludayi sai na tsallake, ina jin kaina kamar wanda ya tsarkake masana'anta daga jahilci. Har na rubuta a littafina: "An cire abin da ba shi da amfani." Na ɗauko abin ja layi na ja a ƙarƙashinsa. (Layi biyu. Da jan biro.)

Bayan azahar dirakta ya shigo da baƙi uku, 'yan kasuwa da suka zo jin ƙamshin sabon haɗi. Kawu Sani ne a gaba. Tun daga bakin ƙofa yake cewa, "Alhaji, ka gan shi can? Ɗan ƙanwata ne. Na yau ɗin nan shi ya haɗa da kansa."

Dirakta ya ce in ɗebo. Na tara gilashi, na cika shi rabi. Da mai hankali ne da ya fara shinshinawa daga nesa. Ni ladabi ya ɗebe ni, na rusuna na miƙa wa Kawu da hannu biyu, tunda shi ne babba.

Wanda bai san 'yan turaren Adjamé ba ba zai gane ba. Ba sa shinshina abu da wasa. Kawu ya lumshe ido, ya kai gilashin hanci, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga. Sai ya tsaya cak. Ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya iya magana ba, wannan ya ja, ya miƙa wa na uku. Kafin ya iso hannun dirakta, Kawu ya fara tari, hularsa ta faɗi, hawaye na bin gemunsa.

"Innalillahi! Yaron nan, barkono ka dafa mana?"

Alhazai uku da Bature ɗaya suna goge ido, ma'aikata sun bar aiki sun kewaye mu. Ni ma hawaye nake yi, sai dai nawa ba duka na sinadari ba ne.

Ana cikin haka Baba Idi ya dawo da goron suna a leda. Ya je ya ɗaga ludayin, ya juya shi, ya ga busasshe ne ƙarau.

"Ɗan lakwal, ina dillali?"

"Wane dillali, Baba?"

Ya nuna tanon da leɓe. "Mutanen ruwa suna ƙasa, mutanen mai suna sama, ba sa gaisawa. Ko shekara ka yi kana juya su, kana tsayawa kowa zai koma gidansa. Wannan shi ke ɗaukar kaya daga ƙasa ya kai sama, ya dawo ya ɗauki wani. Ba ya cin komai, ba ya shiga cikin haja. To ka kori dillali, wa zai haɗa cinikin?"

Dirakta, yana fyace hanci, ya faɗi sunan abin da Faransanci: catalyse par transfert de phase. Wata huɗu kafin nan, a kan wannan darasi na tsaya gaban aji na yi bayani, na zana kibiyoyi suna hawa suna sauka tsakanin ruwa da mai, na fi kowa maki. Na san shi a allo sarai. Da na gan shi a tano, da ludayi a gefensa, ban gane shi ba.

Littafina kuwa na buɗe a kan tebur. Dirakta ya ɗauka, ya karanta layin nan da ƙarfi, ya juya shafin ya nuna wa kowa jan biron. Kawu Sani bai kalle ni ba. Ya tsinci hularsa yana karkaɗewa.

"Takardarka," in ji dirakta, "sai abin da Idi ya ce."

Baba Idi ya zuba ludayi biyu, ya tada muciya, ya ɓare goro ya jefa a baki. Ƙamshin yasmin ya fara tasowa dab da magariba. Sannan ya ce a sa mini hannu, amma da sharaɗi: kowace safiya har ƙarshen staj, in tsaya gaban ma'aikata in yi tambaya ɗaya da babbar murya.

Na yi. Ana dariya, amma na yi. Tambayata ta farko ita ce yadda ake wanke ludayin.

Na samu takardar, Kawu kuma ya yi wata guda yana amsa gaisuwata da gyaɗa kai. Tun daga lokacin, in na ga tsoho na yin abin da babu a littafina, nakan ɗauka ni ne ban kai shafin ba tukuna. Kuma duk girman mutum, ba na miƙa masa gilashi sai hancina ya fara shaida.