Ranar da Na Kashe Nafi'u a Rijiya ta Uku

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da na so in manta, matan unguwa ba za su bar ni ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina zaune a Inugu, tun da marigayi Malam ya ɗauko ni daga ƙauyenmu yana fataucin shanu, ban taɓa yin abin da aka nuna ni da baki ba sai da haƙora suka zube. (Jikata Hajara ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba. In kun ga inda aka sassauta mini, ita ce ta ji tausayina.)

Ku fara sanin ko ni wace ce a wurin nan. In mace ta rasu a cikin Hausawanmu na gefen Kasuwar Artisan, ƙofata ake bugawa. Ni nake wanka, ni nake suturtawa, ni nake zama kusa da uwar mamaci har kwana uku. Na san yadda ake shiga gidan rasuwa, na san inda ake ajiye takalmi, na san lokacin da ake yin shiru. Ba ni da ilimi, ba ni da dukiya, wannan ne abin da na iya, kuma da shi ake girmama ni. To ku riƙe wannan.

Ita Hajara a nan aka haife ta, Inyamuranci a bakinta kamar ruwa, tana karatu a jami'a. Akwai wanda yake nemanta, Nafi'u ɗan Hajiya Asabe, yaro mai hankali, ni angona nake ce masa. Aikinsa haƙar rijiya. Ku da ba ku san garin nan ba, ruwa wahala yake yi mana, shi ya sa yake da mutane kamar goma daga Arewa suna haƙa wa jama'a, shi ma yakan ɗaura igiya ya sauka da kansa. An gama magana tsakanin manya, Juma'ar makon nan za a zo sa rana.

To akwai wani abu da Hajara take yi a kwamfuta in ta dawo makaranta, gem suke ce masa. Sunansa da Turanci ne, harshena bai ɗauka ba. Wani ɗan mutum ne ƙarami, kansa cikin tulun gilashi, jirginsa ya faɗo a wata duniya can bayan taurari. Ba kowa a garin. Ba kasuwa, ba masallaci, ko akuya babu. Sai duwatsu masu haske shuɗi, da ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da wani kiɗa can ƙasa-ƙasa kamar ana jan numfashi. Shi kuwa sai tafiya yake yana tsallake ramuka. Na taɓa tambayarta ina danginsa, ta ce nemansu yake. Na ce Allah ya haɗa su, na koma kan tsince shinkafata. Iyakar sanina da shi ke nan.

Ashe su da yawa ne masu yin abin, har da angon nawa, suna da wani guruf a waya da suke tura wa juna murya, kowa yana faɗin yadda ya ga gem ɗin. Da abin toshe kunne take saurare, kuma rabin maganarsu buroka ce, Turancin kan titi, ban taɓa jin komai ba. Ranar Larabar ne abin kunnen ya ɓace. Tana guga da safe tana sauri za ta jarrabawa, sai ta saki muryar a fili. Na ji wani namiji, daga baya na san Bala ne abokin Nafi'u, yana magana da Hausa tsantsa, murya a sanyaye kamar wanda bai karya ba:

"Ni dai na gaji wallahi. Rijiya ta ukun nan ba alheri ba ce. Nafi'u ma a ciki ya mutu, ina zaune ina kallo. Ya yi tsalle ƙafarsa ba ta kai ba, shi ke nan, sai duhu."

Tiren shinkafa ya karkace a cinyata. Na dubi Hajara. Ta ɗan girgiza kai, ta ce, "Allah sarki Nafi'u," ta naɗe hijabinta ta fita.

Yanzu za ku ce me ya hana ni tsayar da ita in tambaya. Ai a nan ne ilimin nawa ya ci ni. A tarbiyyarmu yarinya ba ta nuna ciwon saurayi a gaban manya, ko hanjinta na tsinkewa. Da na ga ta fita ido a bushe, sai na ce a raina, kai, yarinyar nan ta gaji kunyar gidanmu, za ta je ta yi kukanta a bayan makaranta. Har hawaye na yi don alfahari da ita. Kalma ɗaya ce ta ɗan soke ni: ya ce "ya mutu", bai ce "ya rasu" ba. Mutum rasuwa yake yi, jaki ne ke mutuwa. Amma na ce yaran Kudu ne, Hausarsu ta sha ruwa, na yi musu uzuri. Da na tsaya a kan kalmar nan da yau ba na ba ku wannan labarin.

Na ɗauko farin mayafina na gidan rasuwa da carbi, na tare keke mai ƙafa uku. Mai keken Inyamuri ne, ya ga fuskata ya ce, "Ndo, Mama," wato sannu, na ce masa yaro ne ɗanye, rijiya ta cinye shi. Da muka zo wucewa ta Artisan na ce ya tsaya, don ba a zuwa ta'aziyya mutum ɗaya kamar ɓarawo. Na ɗauki Ladi mai fura da Gwaggo Mairo mai daddawa, Ladi ta bar ƙwaryarta a hannun maƙwabciya. Kafin keke ya tashi na ga labari ya riga mu, ya shiga layin masu albasa, ya fita ta wajen mahauta.

Muka isa gidan Hajiya Asabe, shiru. Ba tabarma a ƙofa, ba takalma. Gwaggo Mairo ta ce anya kuwa. Ni da na fi kowa sani na ce mata wani gidan haka yake, sai an kawo gawa ake shimfiɗa. Muka yi sallama. Hajiya Asabe tana tsakar gida tana ɓarar agushi, ta tashi da fara'a tana cewa lale da surukai, ta zaci maganar Juma'a ce ta kawo mu. Na zauna a inda ake zama, na sunkuyar da kai yadda ake sunkuyarwa, na daidaita murya, na ce, "Hajiya, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Nafi'u, ya sa ruwan nan ya zama shahada."

Ban taɓa ganin mutum ya zube kamar yadda baiwar Allah nan ta zube ba. Ga ta da hawan jini. Agushi ya watse ko'ina. Sai a lokacin na gane ba ta ji ba, kuma (Allah ya yafe mini) abin da ya zo mini shi ne, to gara da ta ji daga bakin wadda ta iya faɗa. Aka kira wayar Nafi'u, ba ta shiga. Ashe yana can ƙasan wata rijiya ta gaske a bayan gari, inda waya ba ta kamawa, lafiyarsa ƙalau. Mu kuwa rashin shigar wayar ya zame mana shaida. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun zo daga masallaci, an tura mutum biyu neman inda rijiyar take. Ni ina ciki ina riƙe da kan Hajiya Asabe, ina gaya wa mata inda za su ɗora ruwan zafi.

Sai muka ji salati a waje, wani irin salati da ban san shi ba a gidan rasuwa. Na fito. Ga Nafi'u tsaye, wando duk jar laka, igiya a kafaɗa. Ya ga tabarmi a ƙofar gidansu, ya ga farin mayafina, kowa kuwa ya san abin da mayafin nan yake nufi. Sai ya durƙushe yana cewa Hajiyarsa, Hajiyarsa. Dattawa sun ja da baya. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Inna, ki gaya mini gaskiya, wa ya rasu?"

Duk idanun unguwa suna kaina. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kai ne, angona."

Sauran abin da ya biyo baya na gan shi ne kamar ta cikin ruwa. Hajiya Asabe ta fito da rarrafe ta riƙe ƙafarsa tana shafawa. Aka tambaye ni wa ya gaya mini, na ce waya. Aka kira Bala, aka kira Hajara daga makaranta, aka saki muryar nan a gaban liman da kowa. Nafi'u ya dafe kai ya ce ai gem ne, shi sau goma sha bakwai ya mutu a rijiyar nan. Liman ya ce sau nawa? Ya ce goma sha bakwai, Malam, amma ana tashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ina tsaye ina neman ƙasa ta tsage, su kuwa sai gardama ta ɓarke a kan tabarmin makoki. Bala ya ce shi dama ya faɗa, gem ɗin ba shi da kai, ba faɗa ba gudu, mutum ya yi ta yawo cikin duhu kamar mai neman akuyar da ta ɓata, kiɗan ma barci yake sa shi. Nafi'u, wanda yanzu aka gama yi masa addu'ar gafara, ya ce Bala bai taɓa sauka rijiya ba shi ya sa. Ya ce shirun nan da ɗigar ruwan nan, da ɗan hasken da kake hangowa can sama, wanda ya yi gem ɗin ya san ƙasan rijiya, illa dai tsallen wurin nan an yi shi da mugunta. Hajara ta ce ita abin da take so ba a kashe kowa, kuma ba a gaya maka komai, kai za ka gane garin da kanka. Wani mahauci da ban san shi ma yana yin gem ɗin ba ya ce shi ranar da ya fara sauka tasha a garin nan bai san kowa ba, haka ya ji, shi ya sa ba ya iya dogon zama a kansa. Liman ya naɗe buzunsa ya ce Allah ya shirye su gaba ɗaya. Ladi ta tambaye ni wa zai sha furar da ta yi tsami.

Juma'a ta zo, ba wanda ya zo sa rana. Hajiya Asabe tana kwance, an ƙara mata magani, kuma ta aiko cewa gidan da kakarsu ke yi wa ɗanta fatan likkafani sai ta sake tunani.  Hajara kuwa tana kawo mini abinci, tana gaishe ni, ido a bushe. A wannan karon na san kunyar gaske ce, kuma na san abin da ke ƙarƙashinta.

Kwana tara ina zuwa gidan Hajiya Asabe da ƙafata, da mayafi mai launi. Ni da ake tashi a ba ni wuri, na zauna a bakin ƙofa kusa da takalma. Ba ta kulawa. Rana ta tara na ce mata, "Hajiya, na wanke mata sun fi a ƙirga a garin nan, ban taɓa murnar kuskure ba sai a kan ɗanki. Ki hukunta ni, ki bar yarinyar."  Sai ta turo mini tiren agushi da ƙafa, ta ce wanda na zubar mata bai gama ɓaruwa ba. Na ɓare shi tas. Juma'ar da ta biyo aka sa rana.

Sunana dai bai dawo daidai ba. Yanzu in na shiga gida da farin mayafi, kafin a yi salati sai wata ta ce, "Inna, rasuwa ce ko mutuwa?" Watan jiya da tsohuwa Ta-Sallah ta cika, sai da aka tura a duba.

Bayan biki Hajara ta zaunar da ni ta ce sai na taɓa abin da hannuna, in faɗi ra'ayina a tura guruf. Na danna inda ta nuna. Ɗan mutumin ya yi taku huɗu ya faɗa ramin farko. Kafin in gama innalillahi ya tashi a bakin ramin yana jira na. Na ce ta ɗauki muryata. Na ce garin yana da kyau, ruwan saman ma ya yi, amma wurin da mutum zai faɗi ba mai wanke shi, ba mai zama da uwarsa, ya tashi da kansa ya kaɗe jiki, wannan ba wurin zama ba ne, kuma Bala ya je ya koyi Hausa. An ce muryar ta fi ta kowa yawo.

Abin da na koya da tsufana, in ka ji kalma ta zauna a karkace, kada ka gyara wa mai ita a zuciyarka, tambaye shi. Ni yanzu ko kaza aka ce ta mutu sai na ce a nuna mini. Shi kuwa ɗan mutumin, na hana Hajara kashe kwamfuta yana tsaye cikin ruwa. Sai ta kai shi ƙarƙashin dutse tukuna.