Girgizar Misbahu Ɗan Indiya

Ku matso ku ji labarin Misbahu, wayayyen Ƙauran Namoda, wanda duk layinmu babu mai ilimin gaisuwa kamatai. Allah ya yi mashi baiwa ƙwarai. Maigidanshi na tasha yaz zaɓe shi rakiyar jinya Indiya, shi ka riƙon butar alwala. Bai cika damina guda can ba, amma da yad dawo sai da anka nuna mashi hanyar masallacin unguwa.

Tsarabar da yak kawo muna gaisuwa ta. Ba ya durƙusawa, ba ya tuɓe takalmi. Sai shi tsaya ƙerere, shi haɗa tafin hannu ga ƙirji, shi yi ta girgiza kai kamar ƙuda ya shige mashi kunne. Yac ce: "Mu da munka zauna waje mun wuce wahalad da gwiwa. Can girgiza kai na nufin madalla, na yarda. Ku yi ta kallo, za ku koya."

Mun kau kalla. Ranar farko da yag gaida Nagoggo mai ƙosai, ta gan shi hannu haɗe, sai tac ce Allah shi ba da haƙuri, ba ta yi ciniki ba tukuna. Ran kasuwar Shinkafi yat tarad da dattawa zaune, yat tsaya kansu shina girgiza. Sunka ɗauki salati, suna tambayar wa yar rasu. Shi kau cewa yay yi ƙauyanci ad da su. Yara sunka sa mashi Alhaji Kaɗa-kai, shina jin daɗi, wai an hwara gane daraja.

To, uwar Rekiya, matatai, taz zo ganin jika, yay yi mata wagga gaisuwa daga tsaye, takalmi ƙahwa. Nan take Rekiya tat tashi. Tag goya ɗanta, tab bi uwatta Gurbin Bore, can ƙasar Zurmi.

Da tuwon tasha ya ishe shi, sai yas sha babbar riga yat tahi biko. Surukinshi Malam Sanda na zaure bisa buzu, da maƙwabta. Gogan naku yay yi tsaye, yah haɗa hannu. Tsoho yad dube shi tun daga hula har takalmi, kana yac ce: "Misbahu, magana guda. Kana son matarka ta koma?"

Misbahu yay yi murmushi, yag girgiza kai, irin mai kyawon nan, har hula na rawa.

Malam Sanda yac ce: "To madalla, kun dai gani. Ka hutasshe mu."

Jikokina, ban taɓa jin ilimi ya hita jikin mutum da sauri haka ba. Takalmi guda gabas, guda yamma. Gwiwar da ta wuce wahala tad daki ƙasa har wando yay yage. Shina rantsuwa da Hausa tsantsa, shina Baba a duba yaro, Baba wallahi i nika nufi.

Tsoho yab bari har yag gama. Sannan yat tashi a hankali, yah haɗa tafin hannu ga ƙirji, yag girgiza kai, yash shige gida.

Rekiya na can har yau. Shi kau Misbahu na nan tasha, duk wanda yas sauko motar Zurmi sai shi durƙusa shi gaishe shi, shi tambaya ko an ji girgizar Baba ta Indiya ce ko ta Gurbin Bore.