Babin Sufeto Na-Tukunya

Ba zan taɓa mantawa da wani zaure a Birnin Kudu ba, da kunyar da na sha a cikinsa, wadda ni na dama abata da hannuna.

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ana ta buɗe makarantu ko'ina, ina koyarwa a wata firamare a Gwaram. Sai labari ya bazu cewa kamfanonin buga littattafai suna neman labaran Hausa ido rufe, don yara sun yi yawa, abin karantawa ya yi kaɗan. Ni kuwa da ma ina da nawa. Kullum in an tashi daga makaranta na ci abinci, sai in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar gidanmu in yi ta rubutu har la'asar, awaki na leƙe. A haka na cika littattafan rubutu na 'yan makaranta tuli guda, na ɗaure su da igiyar rama.

Wanda ya ɓata ni shi ne Malam Sabo, abokin aikina. Ya taɓa zuwa wani kwas a Kano, tun daga nan babu abin da bai sani ba. Da na nuna masa ƙunshin sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Kai dai ka yi hankali. Mutanen birnin nan, in ka aika musu, cire sunanka suke su sa na ƙaninsu. Ka wayi gari ka ga littafinka a kasuwa da hoton wani a baya."

Ban tambaye shi wa aka taɓa yi wa haka ba. Na dai haɗiye maganar ɗungurungum.

Daga ranar kowa ya zama ɓarawo a idona. Gidan waya na soke shi, don wa ya san hannu nawa ƙunshin zai bi? Hedimasta in ya ce, "Malam, yaya rubutu?" sai in ce ai na daina. Har matata Ladi ba ta tsira ba, saboda yayanta akawu ne a Kano. Ranar da na tarar ta ɗaga ƙunshin tana shara, na yi mata tambayoyi kamar alƙali.

"Malam," in ji ta, "ni da ko sunana ban iya rubutawa da boko ba, me zan yi da takardunka?"

(A raina na ce, haka masu wayo ke cewa.) Na kwashe littafin na ɓoye a rumbu, inda ɓera ya ci gefen babi na farko. Shi kaɗai ne a duk Gwaram ban zarga ba.

Ana nan sai na ji cewa wani Malam Tijjani, ɗan Birnin Kudu da ke aikin edita a wani kamfanin buga littattafai a Zariya, zai zo gida ɗaurin auren ƙaninsa. Na ce shi ke nan, ga edita har gida, ba gidan waya, ba ɗan aike. Ba a gayyace ni ba, amma wa ke korar baƙo a gidan biki? Na sa babbar rigata, na cusa ƙunshin a ciki na ɗaure a ƙugu, na hau motar 'yan kasuwar Basirka. Duk hanya hannuna na kan cikina, har wani dattijo ya tausaya ya miƙo mini jar kanwa.

Bayan an shafa fatiha jama'a suka koma zaure, aka kawo tuwo da fura. Aka nuna mini Malam Tijjani. Gajere ne mai tabarau, mai fara'a, ya tarbe ni kamar ya san ni. Fara'ar nan ita ta ƙara tayar mini da hankali. Me ya sa mutum zai yi wa baƙo murmushi haka in ba wani abu yake nema ba?

Na zaro ƙunshin, duk ya jiƙe da gumi, na yi masa bayani.

"Madalla, Malam," ya ce. "Irinku muke nema. Bar mini shi, in na koma Zariya in karanta a natse."

Ya miƙo hannu. Na ja baya.

"Ranka ya daɗe, rubutun hannuna ba kowa ke gane shi ba. Gara in karanta maka da bakina."

(Ni da duk sanarwar makaranta ni ake ba in rubuta saboda kyan rubutu.)

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi dariya. "To, bismilla. Babi ɗaya, wanda ka fi ji da shi. Jama'a, ga marubuci daga Gwaram zai ba mu labari."

Babin da na fi ji da shi kuwa na wani sufeton makarantu ne da na raɗa wa suna Sufeto Na-Tukunya. In ya zo duba makaranta, tukunyar matar hedimasta yake fara dubawa. In ya ƙoshi sai ya shiga aji ya zauna a baya, barci ya kwashe shi. In ya farka ya cire hula, ya sosa sanƙo da biro, ya ce, "To, akwai gyara." Gaskiyar magana ban ƙirƙiri komai ba. Malam Haladu ne, sufeton da ke zuwa mana a kan babur, wanda rahotonsa ke iya jefa malami ƙauyen da ko keke ba ya shiga. Suna kawai na canza masa. Kuma na san sarai daga Birnin Kudu yake zuwa, amma ranar hankalina duk yana kan ɓarayi.

Kusa da ni akwai wani bawan Allah mai biro a aljihu, yana ta miƙo wuya. Na ce lalle wannan ɗan kwafe ne. Sai na juya wa ƙofa baya, na fuskanci bango, na kawo littafin dab da hancina yadda ko ƙuda ba zai ga layi ɗaya ba, na fara.

Kai, an yi dariya! Da na zo inda Sufeto ya tambayi ɗalibi, "Me ake dafawa a gidanku yau?" a matsayin jarrabawar baki, wani har fura ta sarƙe shi. Kaina ya kumbura. Na ji an yi sallama, na ji ana gyara zama ana jawo kujera, ban ɗaga kai ba. Marubuci ba ya tsayawa don makararru.

Daga nan dariyar ta canza. Ta koma tari da gyaran murya. Mai biron nan ya ja gefen rigata. Na fizge, na ƙara ƙanƙame littafin. Wani ya taka mini ƙafa. Sai Malam Tijjani ya ce, "Malam, ko za mu tsaya haka nan?"

Na ce a raina, ato, ya ji abin ya yi kyau, yana so ya katse ni kafin jama'a su shaida nawa ne. Sai na ƙara ɗaga murya, har da kwaikwayon maganar hanci irin ta Malam Haladu.

"Sai Sufeto Na-Tukunya ya farka, ya share man kaza daga gemunsa, ya cire hula, ya sosa sanƙo da biro, ya ce..."

"To, akwai gyara."

Ba ni na faɗa ba. Daga bayana muryar ta fito, ta hanci, ba kwaikwayo.

Na juya a hankali. Ga Malam Haladu zaune a kujera bakin ƙofa, hularsa a kan gwiwa, sanƙon na ƙyalli. Zauren ya yi tsit, har ana jin kiɗan mata daga cikin gida.

"Kawu, ka san shi?" in ji Malam Tijjani.

Kawu! Ashe ƙanin mahaifiyarsa ne.

"Na san shi. Aji huɗu yake koyarwa a Gwaram." Ya dube ni. "Ci gaba, Malam. Ina so in ji ko na mutu a ƙarshe."

Na saki littafin a kan tabarma. Na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ba ne. Wani sufeto ne can... can wajen gabas."

"Shi ma sanƙo gare shi?"

Dariyar da aka danne ta ɓalle gaba ɗaya. Na ce zan kewaya in dawo. Na fita, na bi lungu, ban tsaya ba sai tasha. Sai da mota ta yi nisa na shafa cikina na ji wayam. Littafin da na hana gidan waya, na hana matata, na hana edita taɓawa, na baro shi a kan tabarma a tsakiyar mutanen da ban sani ba.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗin tuwo ba. Malam Sabo ya ce, "Ai yanzu sun samu a ɓagas. Kai kuma ka fara ɗaure kaya, canjin wurin aiki na tafe." Ladi kuwa da na ba ta labari, dariya ta yi har ta zauna a ƙasa. Duk ƙarar babur da na ji sai alli ya faɗi daga hannuna.

Wata safiya babur ɗin ya zo da gaske. Malam Haladu bai bi ta gidan hedimasta ba, kai tsaye ajina ya shigo. Bai zauna a baya ba, a bencin gaba ya zauna tsakanin yara, ya zuba mini ido har aka kaɗa ƙararrawa, ko ƙiftawa ban ga ya yi ba. Ni da ke koyar da lissafi, ranar sai da yara suka gyara mini raba-lamba.

Da aka fita hutun ƙarfe tara ya kira ni gindin bishiya, ya kwance wani ƙunshi daga bayan babur. Igiyar ramata ce.

"Tijjani ya karanta, ni ma na karanta," ya ce. "Ya ce in gaya maka, sauran babobin duk wa'azi ne, mutanen ciki ba sa numfashi. Babin da nake ciki ne kaɗai mai rai. Ka sake zama ka rubuta mutanen da ka sani, sannan ka aika masa."

Na karɓa, na yi godiya. Duk da haka halin bai bar ni ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, babu dai wanda ya kwafa ko?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Wa zai kwafa? Ni da nake ciki ma da ƙyar na kai ƙarshe."

Ya hau babur, ya taka, bai tashi ba. Ya sake takawa, sannan ya juyo.

"Kaza biyu ka ce na cinye. Ɗaya ce, ita ma ta girmi hedimastanku. Barcin kuwa ban musa ba. Amma wata rana ka samu wani ya koyar da darasi irin yadda kake yi, ka zauna a baya, mu ga ko za ka kai tara ido biyu."

Ba a canza mini wurin aiki ba. Littafin ma ya fito daga baya, ɗan siriri, bayan na zubar da wa'azin. Sufeton na mai da shi mai awon gyaɗa, na ba shi suma har wuya. Da Malam Haladu ya gani, aiko mini ya yi cewa na cuce shi, na cire shi daga littafin da shi ya raya.

Yanzu in edita ya ce kawo, da hannu biyu nake miƙawa, in yi masa addu'ar Allah ya ba shi haƙurin kaiwa ƙarshe. In kuma aka ce in karanta a bainar jama'a, ba na buɗe baki sai na gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan in nemi wurin zama inda nake kallon ƙofa.