Rasuwar Injin Markaɗen Hajiya Turai ta Badarawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da tsoro, Hajiya Turai ta Badarawa tana sanar da matan unguwa rasuwar injin markaɗenta, Mai Gurnani, ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha tara.

Marigayi bai taɓa raina tattasan kowa ba. Kuma yana da rufin asiri: duk gulmar da aka yi a gabansa, tuf-tuf-tuf ɗinsa ya rufe ta, ba mijin da ya taɓa jin an ambace shi.

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne daga ɗan Hajiya, Ɗayyabu, ma'aikacin gwamnati. Ya dawo daga wani taro yana bayanin cewa hayaƙin man gas na ɗumama duniya, kuma kafin kowa ya koma wutar hasken rana, za a lallaɓa da man da ake haɗawa daga tsirrai da tsohon man suya. Ashe ya ƙara da cewa sai masana'anta ta sarrafa shi tukuna. Wannan wurin ne Hajiya ba ta ji ba, don kunnenta ɗaya na kan faɗan maƙwabta.

Sai ta karɓo baƙin man da Harira mai ƙosai za ta zubar, ta tace da tsohon kallabi, ta ɗura wa marigayi. Kwana uku yana aiki, hayaƙinsa na ƙamshin karin kumallo, Hajiya na yi wa mata alfahari ta riga gwamnati. A na huɗu ya ce tuf, ya yi tari, ya ce tuf, ya yi shiru da gyaɗar maƙwabciya Nafisat a bakinsa. Hamisu makanike ya buɗe cikinsa, ya ciro ɓawon albasa.

Ya rasu ya bar bel ɗaya, mazurari, da jarka mai rabin man ƙosai.

Ga abin da Hajiya ke tsoro. Ɗayyabu ya daɗe da rantsuwa cewa ran da injin nan ya mutu, ranar za ta tattara ta koma gidansa, mai doguwar katanga da maigadi, inda ko atishawar maƙwabci ba a ji. In ya ji tsufa ne ya kashe injin, wataƙila a lallashe shi ya sayo wani. In ya ji ƙosai ne, ta tafi ke nan.

Za a yi wa gawa wanka da kananzir gobe, a suturta ta da buhu, a kai wa masu gwangwan na Rafin Guza kafin Asabar, ranar da Ɗayyabu ke zuwa. Zaman makoki a zaure, kowa ta zo da kujerarta. Duk wadda Ɗayyabu ya tambaya ta ce tsufa ne. Hajiya na roƙonku da girman Allah ku riƙe bakinku, ko da yake ta san da wuya, tunda a wajenta kuka koyi sakinsa.