Jan Fentin da Gwamnati Ta Shafa Wa Bangona

Da safiyar yau na fito da bokiti da soso zan wanke bangon shagona, sai matata, Maman Lovelyn, ta cafke mini hannun dama, wata tsohuwa daga Bomo da ta kawo markaɗen wake ta cafke na hagu. Ni Shekari, mai furfura har a gira, aka tsare ni a bakin titin Samaru kamar wanda aka kama da akuyar mutane, laifina kawai ina son in goge fentin da ba ni na shafa ba. Na ga wasunku sun tsaya kallo, kuma na san yadda kuke ƙara wa labari gishiri, saboda haka gara ku ji daga bakina.

Sana'ata markaɗe. Injina ya girmi 'yata ta fari, kuma tun da na kafa shi ban taɓa rubuta ko harafi ɗaya a ƙofa ba. Babu buƙata. In na ja igiya ya tashi, kowa a unguwa ya san Shekari ya buɗe. Baƙo in ya tambayi inda ake markaɗe, cewa ake yi ya bi ƙara, in ya ji haƙoransa sun fara rawa to ya iso. Haka muke zaune lafiya har Ogbonna ya kafa sabon inji a tsallaken titi, shuɗi fes, ba ya tari ba ya atishawa. Ga Kirsimeti ya ƙarato. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san mace in ta kai tumatirin Kirsimeti wani wuri, ta tafi ke nan, ita da 'ya'yanta da surukanta. In na rasa matan nan a wannan mako, sai dai in sayar wa 'yan gwangwan inji in koma kiwon zomo.

Ana cikin haka aka yi shela cewa za a yi wa masu ƙananan sana'o'i bita kyauta a wani zaure a Sabon Gari, ƙarƙashin Mai Girma Babban Mai Ba da Shawara Kan Yadda Ake Ba da Shawara, Allah ya ƙara wa kujerarsa juyawa. An ce mu zo da sassafe. Muka rufe shaguna muka je. Ya iso bayan azahar, motocinsa sun toshe layi, ya buɗe taro da darasi kan kiyaye lokaci. Muka tafa. Aka raba mana jaka mai hotonsa, da hula mai hotonsa, da biro mai hotonsa wanda ba ya rubutu. Nan na tabbata mutumin ya san talla.

Ya ce sana'ar da ba ta da suna, ba ta da allo, ba ta da tambari, ba sana'a ba ce, hayaniya ce kawai. Yana faɗa yana kallon ɓangarena, wataƙila warin attarugu ne ya tona ni. Na ɗaga hannu na tambaya cikin ladabi ko za a taɓo maganar wuta da tsadar mai. Ya yi murmushi ya ce wannan sai a bita ta biyu, wadda ake yi wa masu allo.

Daga zauren ban zame ko'ina ba sai wajen Ejiofor, mai rubuta alluna a bayan kasuwa. Na ce ya rubuta mini Markaɗen Shekari, shi ke nan. Da na koma karɓa, sai na tarar da allo ya kai ƙofar coci girma, an rubuta Shekari and Sons International. Na tuna masa cewa 'ya'yana duk mata ne.

"Oga Shekari, babu kamfani mai mutunci da ba shi da 'ya'ya maza," in ji shi. "Kyauta na ba ka su. Ba su cin abinci, ba su neman kuɗin makaranta."

Game da International kuwa, ya tambaye ni ko ɗan wata ƙasa bai taɓa markaɗe a wurina ba. Na tuna wata ɗaliba 'yar Kamaru da ta taɓa kawo gyaɗa. Ya ce to magana ta ƙare.

Na kafa allo, na sa rigar zuwa coci, na zauna jiran kwastoma. Mai Girma bai yi ƙarya ba, allo yana jawo mutane. Kafin rana ta yi zafi sai ga samari masu riguna masu ƙyalli, da abin awo a hannu. Suka auna tsawo, suka auna faɗi, suka ce akwai harajin allo, kuma nawa na manya ne tunda kamfanin ya ƙetare iyaka. Sannan babbansu ya leƙa cikin shago ya ce 'ya'yan su fito, domin kowane ma'aikaci da nasa kason. Na rantse masa babu su. Ya ce wannan shi ake kira ɓoye ma'aikata.

Sai a lokacin na lura da hular da ke kansa. Irin tawa ce, da hoton da komai. Wallahi na sara wa Mai Girma. Ya tara mu ya ce mu kafa allo, sannan ya aiko a karɓi kuɗin allo. Darasin da bai faɗa a zaure ba ya zo ya nuna mana a aikace: ɗan kasuwar ƙwarai ba ya jiran kwastoma, ƙirƙiro shi yake yi.

Na sauke allon na tura ƙarƙashin gado. Washegari wasu masu ƙyallin, waɗanda nasu ƙyallin kore ne, suka zo suka ce shagon da ba shi da allo yana ɓoye sana'a ne. Maman Lovelyn ta kawo dabara, ta ce a rubuta sunan a bayan rigata, ba bango ba ne balle a auna. Na koma wajen Ejiofor aka rubuta. Rannan duka ƙungiyoyin biyu suka haɗu a kaina, har da ta uku, masu harajin talla mai tafiya. Na ukun suka ce muddin ina motsi, nasu ne ni. Na farkon suka ce in na tsaya cak, na zama allo, nasu ne. Na tsaya da ƙafa ɗaya a sama ina jiran hukunci, suna gardama a kaina kamar saniyar watanda. Wani ya ce, "Baba, ɗan taka mu gani." Wani ya ce in na kuskura na taka zan gane kurena. Ogbonna yana tsallake yana markaɗa tumatirin matan da na yi wa markaɗen bikin aurensu.

Da suka kasa raba ni, sai suka yanke shawarar da ba ta cutar da kowa a cikinsu: a shafa wa bangona jan fenti, alamar mai taurin kai, za a dawo a sa kwaɗo. Mai shafawar ya hau bencina, benci kuwa ƙafarsa ɗaya guntuwa ce. Ya so ya yi irin alamar da malami ke yi wa amsar da ba daidai ba, benci ya karkata, alama ta miƙe tsaye kamar gicciye, fenti na zuba. Na shiga gida na fara tambayar farashin zomo.

Washegari na fito na tarar da layin bokitai har bakin kwata. Matan zumunta na cocinmu sun ce alama ce, sun tuna da jinin da aka shafa a dogaran ƙofa a Masar, gidan da aka shafa wa ba ya halaka. Maƙwabciyata Hajiya Laure ta ji an ce rushe shagon za a yi, ta zo markaɗen ban kwana, ta kwaso matan layinsu kaf don tausayi. Ɗalibai suka ce tambarin ya yi, suna ɗaukar hoto a gabansa. 'Yan acaɓa yanzu Jan Fenti suke kiran kwanar. Injin Ogbonna ya yi shiru har kaza ta hau kai. Ogbonna ya je ofis ya roƙi a shafa masa, aka duba aka ce ba shi da laifi. Ya sayo fenti ya shafa da kansa, aka zo aka ce ya yi jabun alamar hukuma, aka sa shi ya kankare. Jiya ya tsallako ya zauna kan guntun bencin nan.

"Maƙwabci, tsakani da Allah," ya ce, "wa ka sani a sama?"

To yau da safe sai ga babban masu ƙyallin ya dawo shi kaɗai. Ya dubi layi, ya dubi bango, ya ce bincike ya nuna fentin nan yana jawo kwastoma, saboda haka talla ne, kuma talla da harajinsa. Na ce ranka ya daɗe, ai ku kuka shafa.

"Mu muka shafa, Baba, amma kai kake cin moriya."

Na ce to bari in goge. Ya ce goge alamar hukuma laifi ne mai zaman kansa. Zuciya ta ɗebe ni na ɗauko bokiti, daga nan ne kuka fara kallo. Abin da ba ku ji ba shi ne abin da Maman Lovelyn ta raɗa mini tana riƙe da hannuna: "Baban Lovelyn, ka taɓa fentin nan, ka nemi gidan da za ka ci shinkafar Kirsimeti." Na dubi matan da ke layi, na dubi injin Ogbonna da kazarsa, na ajiye soso. Zan biya. Matan sun dawo, zomaye su jira.

Kafin mai ƙyallin ya tafi ya sanar da ni cewa Mai Girma ya ji labarina, kuma yana gayyatata bita ta biyu in bayyana wa jama'a yadda na ƙirƙiro tambarina bisa koyarwarsa. Zan je, ko don in ji maganar wuta.

Damuwata ɗaya ce. Fentin na kwangila ne, tun yanzu ya fara ɓarewa, ba zai ga damina ba. Saboda haka duk wanda ya san wani ɗan laifi madaidaici, wanda ya kai a shafa fenti amma bai kai a sa kwaɗo ba, ya same ni a kwanar Jan Fenti. In kuma kun haɗu da 'ya'yana maza a hanya, ku ce su zo su kama mini aiki, layi ya yi tsawo.