Turancin da Aka Naɗe Kifi da Shi

"Lafiya lau, mijin da ba ya cefane. Gaisuwa ka zo yi ko maula?"

Haka Iya Mairo ta amsa wa jikanta Bilya, tana juya kifi a kasko a bakin gadar Wudil. Sau biyu Bilya yana faɗuwa Turanci a jarrabawar gama sakandare. Mahaifinsa ya ce ta bana ce ta ƙarshe: in ya sake faɗuwa, ya cire rai da jami'ar garinsu, ya bi masu haƙar yashi kogi. Jiya ya manta littafin nahawunsa a ƙarƙashin bencinta, yau ya tarar da littafin ya rame.

"Tsohuwa, ina sauran littafina?"

"Ga shi a hannunka."

"Bango ne a hannuna! Ina cikin?"

"Au, waɗannan? Sun kama hanyar Maiduguri. Jarida ce ta ƙare mini, direbobi kuma ba sa jira."

"Innalillahi! Sassan magana takwas ne a Turanci, Iya. Biyar na haddace, saura uku, su kika naɗe kifi da su?"

"Sassa? Rago aka feɗe?"

"Akwai naun, sunan abu ke nan. Akwai bab, aikin da ake yi. Akwai ajektif, mai faɗin siffa."

"Suna kana da shi, na kakanka, ka kuma ɓata shi. Aiki ba ka da shi. Siffa kuwa, kai kamar tulu, wuya kamar na zalɓe. Me ya rage?"

"Kwanjankshan, mai haɗa magana."

"Ko aljanun kogin nan ba su da irin wannan suna."

"Ina za ki sani, kifin rijiya? Haƙori ɗaya ya rage miki, shi ma gulma yake gadi."

"Da shi na tauna abin da na ciyar da ubanka." Ta tsame kifi ta ɗora a faranti. "Yayanka Jamil ya haddace takwas ɗin duka. Awakina suka ƙare a karatunsa. Yau yana ina? Yana jan a-daidaita-sahun wani a Kano. Takardunsa ma da su na naɗe kifi bara, babu wanda ya zo ya yi mini kuka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah."

"To yashin kike so in shiga? Kogin da ya cinye miki ɗanki, Baffa Maikano?"

Hannun Iya Mairo ya tsaya. Mai ya yi ta tartsatsi, ba ta kula ba. Can ta share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Matso ka ji. Da safe Malama Hannatu ta jami'a ta sayi kifi. Ta buɗe ƙunshi ta ga rubutunka a gefen shafi, kamar tonon kaza. Ta ce na wa ne? Na ce na mijina ne, wani daƙiƙi. Ta ce ka riƙa zuwa gidanta duk Asabar har jarrabawa."

"Da me za mu saka mata?"

"Mu? Kai da wa? Tarwaɗarta ta Asabar a wuyana take. Ko zan kwana da yunwa, ba zan sake tsayawa a bakin kogin nan ina jiran a tsamo mini wani ba."

Ta fizge littafin daga hannunsa, ta yage shafin ƙarshe da ya rage a jikin bango, ta naɗe kan kifi ta miƙa masa.

"Ungo, ci kai, ko naka zai motsa. Ka lashe man a hankali, kada ka haɗiye kwanjan ɗin."

Bilya ya yi dariya. "Na sallama, uwargida. Amma ranar da na ci jarrabawa, sakin ki zan yi."

"Ka ci tukuna. Takardar sakin ma sai wanda ya iya rubutu."