Shayin Kyaftin Barlo

A duk faɗin Tamale, daga Zogbeli har Sagnarigu, ba a taɓa yin masanin tarihi kamar Mista Dramani ba. Wannan ba jita-jita ba ce, shi da bakinsa ya faɗa. Shi ne manajan Otal ɗin Kuka Biyu, tsohon masaukin Turawa wanda jemagu suka fi baƙi yawa a cikinsa. Kwat da taye yake sakawa ko da rana na dafa ƙwai a kan kwalta. Ma'aikata suna ce masa Manaja a gabansa, idan ya ba da baya kuma su ce Tafintan Lahira.

Sunan ya samo asali ne daga ɗaki mai lamba tara. A cewar Mista Dramani, fatalwar wani Bature, Kyaftin Barlo, ke zaune a ciki tun zamanin mulkin mallaka, shaidarsa kuwa wani tsohon akwatin ƙarfe mai ɗauke da sunan. Idan baƙi 'yan kasuwar Kumasi ne, doki ne ya ka da Kyaftin. Idan malaman makaranta ne, ciwon shawara ne ya kashe shi. Idan mata ne, soyayya ce. Mutum ɗaya, mutuwa uku, kuma kowacce Mista Dramani yana wurin.

"Bature ko ya mutu ba ya fasa shayin ƙarfe huɗu," haka yake cewa yana ɗaga yatsa. "Dis is histiri! Kuma ba ya jin Hausa, ba ya jin Dagbani. Ni kaɗai nake iya magana da shi."

Saboda haka kullum ƙarfe huɗu Mma Adiza mai dafa abinci takan jera shayi, sukari da gwangwanin madara a faranti, ta kai bakin ƙofa. Manaja ya karɓa, ya shiga, ya murza makulli. Bayan rabin awa ya fito da faranti fayau, yana goge baki saboda nauyin hirar.

Sai shekarar tamanin da uku ta zo da fari da gobarar daji, ga waɗanda aka koro daga Legas sun cika gidaje. Mutane suka yi ta bin layi tun kafin su san abin da ake rabawa. Ƙashin wuyan kowa ya fito, har na 'yan sanda. Tumbi ɗaya ne ya ƙaru a unguwar, mai shi kuma ya ce albarkar ilimi ce.

Da kwamitin ma'aikata ya samo musu rabon madara, gwangwani bibbiyu duk mako, Manaja ya tara su a tsakar gida.

"Ku mutanen ciki ne, ni mutumin tarihi ne. In Kyaftin ya yi fushi, wa zai tare shi? Kai, Kwadwo mai gadi? A kawo duka ofis."

Aka kawo. Wanda bai yarda da fatalwa ba, ai ya yarda da takardar kora.

Mma Adiza ba ta cika magana ba, amma abin ya tsaya mata a rai. 'Yarta Sala ta haifi tagwaye a Zogbeli, nono ya ƙafe, ana ɗura musu ruwan koko da cokali. Kukansu ma ya daina ƙarfi, wannan ne ya fi tsoratar da ita. Kullum da hannunta take huda gwangwanin da zai iya riƙe su kwana biyu, ta miƙa wa matacce.

Wata rana ta durƙusa a ofis. "Manaja, don Allah ka roƙa mini Kyaftin. Gwangwani ɗaya. Yaran Sala ba su da ƙarfi."

Mista Dramani ya girgiza kai cikin tausayi. "Mma, na gaya masa jiya. Ya ce no. Kin san Bature da doka."

Ta tashi ta karkaɗe zaninta. Ta daɗe ba ta tsani kowa ba kamar yadda ta tsani wannan Kyaftin, da mai yi masa tafinta.

Ranar wata Talata da la'asar, motar masu rabon masarar agaji ta tsaya a ƙofar otal. Wani tsohon Bature ya sauko yana dogara sanda, ya yi gaisuwa da tsohuwar Hausar barikin soja, ya ce yana son ganin ɗaki na tara. Mista Dramani bai tambayi sunansa ba. Masani ba ya tambaya, gaya wa mutane yake yi. Ya kira ma'aikata su zo su ƙaru, ya gyara taye, ya zaɓi mutuwar doki. Ya kwatanta yadda dokin ya yi tsalle, yadda wuya ya karye, da wasiyyar da mamacin ya raɗa masa a kunne.

Tsohon ya saurara har ƙarshe cikin ladabi. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma ban taɓa hawa doki ba. Babur nake da shi. Ni ne Barlo."

Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage. Mista Dramani kuwa juyowa ya yi ga ma'aikata, ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Shekara nawa ina gaya muku? Ga shi ya fito!"

Kwadwo ya ja da baya taku uku. Mma Adiza, da ta iso da faranti daidai ƙarfe huɗu, ba ta motsa ba. Ta lura fatalwar tana gumi, tana kuma neman kujera. Ta ajiye farantin a gabansa.

"Massa, ga shayinka. Yadda kake sha kullum."

Tsohon ya ɗauki kofi, ya ture gwangwanin gefe da bayan hannu. "Na gode, uwargida. Ban da madara. Tun ina yaro ba ta zama a cikina."

Idanun kowa suka tashi daga gwangwanin, suka yi tafiya a hankali, suka sauka a kan maɓallin kwat ɗin Manaja na tsakiya, wanda ya daɗe yana neman agaji.

Mma Adiza ta miƙa hannu. Ya ba ta makullin ba tare da lacca ba, karo na farko a tarihi. A ƙarƙashin gado ta tarar da gwangwanayen da Kyaftin ya shanye, a cikin akwatin ƙarfe kuma waɗanda bai kai ga sha ba. Ta ba kowa nasa, ta ƙulle nata a gefen zani. Da ta zo wucewa ta gaban Mista Dramani, ta rusuna kamar yadda ake yi a gidan makoki.

"Manaja, sannu da rashi. Allah ya ba ka haƙuri."

Kafin wata biyu tagwayen Sala suka dawo da kukansu mai hana maƙwabta sakat. Mista Dramani kuwa aka gan shi wurin baduku, ana ƙara wa bel ɗinsa huda. Har yau shi kaɗai ne a Tamale aka yi wa ta'aziyya don mutum bai mutu ba.